Germantown: Ikilisiyar da Ta Naɗa wa Kanta Shugaba

A arewa maso yammacin birnin Filadelfiya, cikin jihar Pensilbeniya ta Amurka, akwai wani ɗan ginin dutse a bakin titin Germantown wanda mai wucewa zai iya ɗauka tsohon gidan wani manomi ne. Ba shi da hasumiya, ba shi da ƙararrawa, ba a ƙawata tagoginsa ba. An gina shi a 1770, a filin da wata majami'ar katako ta 1708 ta tsaya. Nan ne mahaifar ikilisiyar Menonawa mafi tsufa a nahiyar Amurka wadda har yau take taruwa. Abin da zai ɗaure wa mutum kai a tarihinta shi ne, mutanen farko sun iso a 1683, amma ba a yi wa kowa baftisma ba, ba a ci Jibin Ubangiji ba, sai 1708. Shekara 25 ke nan. Kuma waɗannan mutane ne da aka kashe kakanninsu a Turai a kan maganar baftisma. Wanda ya gane dalilin wannan jinkiri ya gane yadda ƙaramar ikilisiyar Menonawa take aiki.

Sai an koma baya kaɗan. A Turai ta ƙarni na 16, baftismar jariri ba ibada kaɗai ba ce. Ita ce rajistar haihuwa, ita ce shaidar cewa mutum talakan sarki ne. Duk wanda aka haifa a ƙasa ɗan cocin ƙasar ne, ko ya so ko bai so ba. A ranar 21 ga Janairu 1525, a birnin Zurik na Suwizalan, wasu almajiran mai gyaran addini Zwingli suka taru a wani gida, Conrad Grebel ya yi wa George Blaurock baftisma, shi kuma ya yi wa sauran. Hujjarsu ita ce jariri bai san abin da ake yi masa ba, imani kuwa sai da yardar mai shi. Hukuma ta ji maganar da wani kunne dabam: idan mutum zai zaɓi shiga coci da kansa, to zai iya zaɓar ƙin shiga, daga nan kuma sai haraji da aikin soja. A Janairun 1527 aka nutsar da Felix Manz a kogin Limmat. A 1529 majalisar daular Jamus da ta zauna a Speyer ta yanke hukuncin kisa a kan duk mai sake baftisma, Katolika da Furotesta suka yarda da juna a kan wannan, abin da ba kasafai suke yi ba a zamanin.

Sunan da ya bi su daga baya na Menno Simons ne, wani fadan Katolika daga Friesland a ƙasar Holan, wanda ya ajiye muƙaminsa a 1536. Ba shi ya kafa tafiyar ba. Ya shigo ne bayan abin kunyar da ya faru a Münster a 1534 zuwa 1535, inda wasu masu sake baftisma suka ƙwace gari da takobi har aka murƙushe su. Menno ya tattara ragowar masu gudun zubar da jini, ya yi ta yawo a ɓoye yana rubutu har ya rasu a 1561. Abin da ya bar musu bai da yawa amma yana da nauyi: baftisma ga baligi, ba ɗaukar makami, ba rantsuwa a kotu, kuma ikilisiya ita ce mai ladabtar da 'ya'yanta, ba sarki ba. Ba su da Fafaroma, ba su da hedikwata. Kowace ikilisiya tsaye take da ƙafarta.

Wannan tsari ne iyalai 13 daga garin Krefeld na gaɓar kogin Rhine suka sani lokacin da suka sauka daga jirgin ruwa mai suna Concord a Filadelfiya ranar 6 ga Oktoba 1683. William Penn, ɗan ɗariƙar Kirista ta Kweka, ya karɓi ƙasar Pensilbeniya daga Sarki Charles na Biyu na Ingila a 1681, ya kuma yi alkawarin ba za a tsangwami kowa a kan addini ba. Wani lauya Bajamushe, Francis Daniel Pastorius, ya riga su isowa da 'yan makonni, shi ya tsaya musu wajen rabon filaye, kimanin kilomita 10 daga tsakiyar birnin. Yawancinsu masaƙa ne, lilin suke saƙawa. Ga wani abu da masu bikin tarihi ba su cika son faɗa ba: akasarin iyalan nan sun riga sun koma Kweka tun a Krefeld, ko da yake asalinsu Menonawa ne. Mutum ɗaya, Jan Lensen, aka sani ya tsaya a kan Menonanci bai sauya ba. Saboda haka a shekarun farko tare ake ibada a gidaje, ba wanda ya tsaya tambayar wane ne wane. Mutanen da ke fama da sanyin hunturu a bukkoki ba su da lokacin jayayyar aƙida.

Daga wannan cakuɗa ne takardar 1688 ta fito, wadda ta fi ikilisiyar kanta suna. Mutum huɗu suka sa mata hannu: Pastorius, Garret Hendericks, da 'yan'uwa biyu Derick da Abraham op den Graeff. Ita ce takardar ƙin bautar da mutane ta farko da wani taron addini ya rubuta a yankunan da Ingila ke mulki a Amurka. Hujjarta a fili take. Sun tuna wa maƙwabtansu irin fargabar da matafiyi kan ji a teku kada 'yan fashi su kama shi su sayar, suka ce to me ya bambanta wannan da abin da ake yi wa baƙar fata? Sun ce a Turai ana danne mutane saboda imaninsu, a nan kuma ana danne su saboda launinsu. Taron wata-wata na 'yan Kweka ya ce maganar ta fi ƙarfinsa, ya tura ta gaba. Taron wata uku ya tura wa taron shekara. Taron shekara ya ajiye ta. Takardar ta ɓace, ba a sake ganinta ba sai 1844. 'Yan Kwekan Filadelfiya ba su haramta wa mutanensu mallakar bayi ba sai 1776. Menonawa suna alfahari da takardar, 'yan Kweka ma haka. A ganina gaskiya tana tsakani: takardar Kweka ce, zuwa ga taron Kweka, amma mutanen da suka taso a gidajen da ake ba da labarin nutsar da kakanni ne suka iya ganin abin da attajiran Ingilishi na birnin suka kau da kai daga gare shi.

Da ƙarin baƙi suka iso daga Holan da Hamburg da Palatinate, sai Menonawa suka fara ware taronsu, wajen 1690. Wani ɗan kasuwa daga Amsterdam, Dirck Keyser, yakan karanta musu huɗuba daga littafi, tun da ba mai wa'azi. Kafin ƙarnin ya ƙare suka zaɓi William Rittenhouse ya zama mai wa'azi, Jan Neus kuma dikon. Rittenhouse ba malamin makaranta ba ne, mai yin takarda ne. A 1690 ya kafa masana'antar takarda ta farko a Amurka ta Ingila, a bakin wani rafi da ke zuba cikin Wissahickon, yana sarrafa tsummokaran lilin da masaƙan garin suka zubar. 

To ga inda gizo ke saƙar. A tsarin Menonawa muƙamai uku ne. Mai wa'azi yana wa'azi. Dikon yana riƙe asusun matalauta, yana sasanta masu rigima, yana ziyartar wanda ya kauce. Bishop kaɗai, wanda wasu ke kira dattijo, shi ke yin baftisma, ya raba Jibin Ubangiji, ya naɗa wasu. Bishop kuwa sai wani bishop ya ɗora masa hannu. A duk faɗin Amurka babu ko ɗaya. Yara suna girma, suna aure, ba a karɓe su cikin ikilisiya ba, kuma ikilisiyar da ba ta yi wa jarirai baftisma ba ta da wata ƙofar shiga in ban da wannan. Sai suka rubuta wa ikilisiyar Altona kusa da Hamburg suna roƙon a turo musu wanda zai naɗa musu bishop. Amsar da ta dawo ita ce tafiyar ta yi nisa, tana da haɗari, ba wanda zai zo. Su yi addu'a, su zaɓi ɗaya daga cikinsu, ya yi aikin.

Rittenhouse ya daɗe yana jan ƙafa. Ana iya ganin tsoro ne, ni dai ina ganin ladabi ne irin na mutumin da ya san bambancin aikin da aka ba shi da wanda zai ba kansa. Da ya amince daga baya, ajali ya riga shi, ya rasu a Fabrairun 1708. Jacob Gottschalk, wanda ya iso a farkon ƙarnin aka zaɓe shi mai wa'azi a 1702, shi ya ɗauki nauyin. A watan Mayun 1708 ya yi wa mutum 11 baftisma, bayan mako biyu aka ci Jibin Ubangiji, a shekarar kuma aka gina majami'ar katako. Ba wanda ya ɗora masa hannu daga Turai. Ikon da ya yi aiki da shi daga benci ya taso, daga mutanen da ke zaune gabansa. Zuwa 1712 mambobi sun kai 99, in an haɗa da na ƙauyen Skippack.

Yadda ake zaɓen mai wa'azi a ikilisiyoyin Pensilbeniya bayan haka ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya ci gaba har cikin ƙarni na 20, wasu masu riƙon gargajiya ma suna yi har gobe. Ba a neman aikin. Wanda ya nuna yana so ya riga ya faɗi. Mambobi za su shiga ɗaya bayan ɗaya su raɗa wa bishop sunan wanda suke gani ya dace. Duk waɗanda aka ambata za a zaunar da su a gaba. Sai a kawo littattafan waƙoƙi iri ɗaya daidai yawansu, a ɓoye 'yar takarda mai ɗauke da aya a cikin guda, a cuɗanya su, a jera a tebur. Kowa ya ɗauki ɗaya. Wanda takardar ta faɗo a nasa, nan take za a naɗa shi, kuma har mutuwa ne. Sun ɗauko wannan daga yadda manzanni suka jefa ƙuri'a wajen maye gurbin Yahuza a littafin Ayyukan Manzanni. Ba albashi, ba makarantar tauhidi. Ranar Litinin mutumin zai koma gonarsa. Ba abin mamaki ba ne a ga wanda ƙuri'a ta faɗa wa yana kuka, matarsa ma tana kuka, don an ɗora wa gidan kaya ne, ba rawani ba. Tsarin yana kashe kamfe da son girma. Yana kuma iya ba jama'a mai wa'azin da bai iya magana ba, su yi ta haƙuri da shi shekara 40.

Jibin Ubangiji ma ba a cinsa sai an share fage. Sau ɗaya ko biyu a shekara ake yi, kuma kafin ranar akwai taron shawara inda ake tambayar kowane mamba ko yana zaman lafiya da Allah da 'yan'uwa. In akwai mutum biyu da ba sa ga maciji a kan iyakar gona ko bashi, ana iya ɗage Jibin gaba ɗaya har su shirya. Tun da ba a kai ɗan'uwa kotu, wannan taron shi ne kotun. Hukunci mafi tsanani shi ne a fitar da mutum daga zumunci. Yaya tsananin ƙauracewar zai kai, a ci abinci da shi ko kada a ci, wannan tambayar ce ta raba mabiya Jakob Ammann da sauran a 1693, su ne Amish na yau masu keken doki. Mutane da yawa suna ɗauka Menonawa da Amish abu ɗaya ne. 'Yan'uwa ne, amma kowa da gidansa.

A nan Germantown aka yi wani abin da ya taɓa ƙasarmu kai tsaye. Ranar Kirsimeti ta 1723, wata ƙungiya dabam ta masu baftismar baligi, wadda Alexander Mack ya fara a Schwarzenau ta Jamus a 1708, ta yi baftismarta ta farko a Amurka cikin rafin Wissahickon, ƙarƙashin Peter Becker. Su nutsarwa suke yi, Menonawa kuwa zuba ruwa a ka. Wannan ƙungiya ce ta zama Cocin 'Yan'uwa, kuma kusan shekara 200 bayan haka, a Maris 1923, mutanenta biyu, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujada ƙarƙashin tsamiya a Garkida. Daga nan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, ta samo asali, wadda yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a 2014 'ya'yanta ne. Duk wanda ya taɓa mamakin dalilin da ya sa shugabannin EYN suke ta nanata wa mutanensu kada su rama, tushen koyarwar yana cikin irin waɗannan ƙananan majami'u. EYN ba Menonawa ba ce, amma rijiya ɗaya suka sha.

Germantown ta haifi ikilisiyoyi da yawa, ita kuwa ba ta yi ƙiba ba. Dalilin ƙasa ce. Baƙin da suka biyo baya daga Suwizalan da Palatinate manoma ne, ba masaƙa ba. Sukan kwana biyu a Germantown su wuce: Skippack tun 1702, yankin Lancaster daga 1710, sai Franconia. Can ƙarfin Menonawa ya koma. A 1725 masu wa'azi daga waɗannan wurare suka taru suka amince da Shaidar Bangaskiya ta Dordrecht ta 1632 a matsayin abin da za su tsaya a kai, aka buga ta da Turanci a Filadelfiya a 1727 don maƙwabta su san abin da suka gaskata. Da suka hango yaƙi tsakanin Ingila da Faransa, dattawan Franconia suka sa aka fassara babban littafin tarihin shahidansu na 1660 daga harshen Holan zuwa Jamusanci, aka buga shi a Ephrata a 1748 zuwa 1749, shafi kusan 1,500, littafi mafi girma da aka buga a Amurka kafin 'yancin kai. Manufar ita ce samari su karanta kafin mai ɗaukar soja ya ƙwanƙwasa ƙofa. Shi kansa garin Germantown ya rasa takardar cin gashin kansa a 1707, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne an sha wahalar samun masu yarda su riƙe muƙami, don muƙami yana tafe da rantsuwa da hukunta mutane.

Yaƙi dai ya same su har gida. Ranar 4 ga Oktoba 1777 sojojin George Washington suka gwabza da na Ingila a kan wannan titi, ginin dutsen yana da shekara bakwai kacal. Ƙin ɗaukar makami ya jawo musu tara da zargin goyon bayan Ingila, sabuwar hukuma kuma ta buƙaci rantsuwar biyayya. Ko a cikin gida maganar ta yi zafi. Bishop Christian Funk na Franconia ya ce a biya harajin yaƙi ga sabuwar gwamnati, aka fitar da shi a 1778.

Ƙarni na 19 ya kusa kashe ikilisiyar. Birni ya haɗiye garin a 1854, Jamusanci ya gushe daga bakin yara, 'ya'yan tsoffin iyalai suka shiga manyan coci-coci na maƙwabta. Sau da yawa ba mai wa'azi mazaunin wurin, sai wanda ya zo daga ƙauye. Nan raunin tsarin yake fitowa. Cocin da ke ƙidaya jarirai yana iya yin barci na zuriya guda ya farka da mutanensa a rajista. Wanda ke jiran kowane mutum ya girma ya ce "na yarda" ba shi da wannan rata; in zuriya ɗaya ta yi shiru, shi ke nan. An sake tsara ikilisiyar a 1863 da 'yan tsirarun da suka rage, ta kuma karkata zuwa ɓangaren John Oberholtzer, wanda ya ɓalle daga taron Franconia a 1847. Abin da ya haddasa ɓallewar zai ba wani dariya: Oberholtzer ya ƙi sa kwat mara kwala da aka wajabta wa masu wa'azi, ya kuma nemi a riƙa rubuta abin da aka tattauna a taro, a yi kundin tsari. Amma ba maganar riga ba ce. Tambayar ita ce wa ke da iko, al'adar da ke kan dattawa ko takardar da kowa zai iya buɗewa. A wurin da ba Fafaroma, irin wannan tambaya ba ta da wanda zai yanke ta, shi ya sa tarihin Menonawa yake cike da rabuwa. Yau suna da mambobi sama da miliyan biyu a duniya cikin ƙungiyoyi barkatai, mafi yawa ma ba a Turai ko Amurka ba. Ɗaya daga cikin mafi girma ita ce Meserete Kristos ta Habasha.

Farfaɗowar Germantown ta zo daga inda ba a zata ba. Daga shekarun 1970 jikokin manoman nan suka fara dawowa birni don karatu da aiki, suka iske tsohuwar majami'a a unguwar da yanzu yawancin mazaunanta baƙaƙen fata ne. Taron ya cika har ginin 1770 ya yi musu kaɗan, suka koma wani gini a kusa, aka bar tsohon a hannun wata amana mai kula da kayan tarihi. Ikilisiyar ta zama mamba a tarukan biyu, na Franconia da na Gundumar Gabas, wato magadan Oberholtzer.

Sai kuma sabuwar rigima. Germantown ta karɓi masu zaman aure da jinsinsu a matsayin cikakkun mambobi, abin da ya saɓa wa matsayar tarukan biyu. Bayan shekaru ana kai-komo, wakilan Franconia suka kaɗa ƙuri'ar fitar da ita a 1997, Gundumar Gabas ta bi sahu a 2002. Ko mutum yana ganin wane ɓangare ne da gaskiya, yadda abin ya gudana yana nuna iyakar ikon taro a wannan tsari. Taro zai iya cire sunan ikilisiya daga jerinsa, ya janye takardar shaidar fastonta. Ba zai iya rufe ƙofarta ba, ba zai iya turo mata wani fasto ba, don ba shi ya ɗauke shi aiki ba. Ranar Lahadin da ta biyo bayan kowace ƙuri'a, mutanen Germantown sun taru kamar yadda suka saba. Su kuwa tarukan biyu da suka fitar da ita, waɗanda suka rabu a 1847, sun amince su sake haɗewa a 2019, bayan shekara 172, suka ɗauki sunan Mosaic a shekarar da ta biyo.